Rufe ƙofar iska a ɗakin da babu kowa ba ya rage kuɗin ɗumama gida

A Amurka da Kanada, yawancin gidaje ana ɗumama su ne da injin da ke hura iska mai zafi ta bututu zuwa kowane ɗaki. Bakin bututun yana da murfi mai ƴan fukafukai da ake buɗewa ko rufewa. Mutane da dama, musamman sababbin zuwa, suna rufe na ɗakunan da ba a kwana, wai don a rage kuɗin gas. A ido kam, dabara ce.

Sai dai injin bai san an rufe ba. Fankarsa za ta ci gaba da tura iska, hanya kuma ta ragu, sai matsi ya taru cikin bututu. Dama can shirin Energy Star na gwamnatin Amurka kan tanadin makamashi ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar tana zurarewa ta mahaɗan bututu a gida na yau da kullum. Ƙarin matsi ƙarin yoyo ne. Injin kuma yakan yi zafi fiye da kima har ya kashe kansa, ya sake tashi, ya sake mutuwa, kuma gyaransa ba arha ba.

In ɗaki ya cika zafi, a sassauta fukafukan kaɗan, kada a toshe gaba ɗaya. Wajen sayen sabon murfi kuwa, ramin ake aunawa, ba tsohon murfin ba. Inci 4 a faɗi da 10 a tsawo shi ne girman da aka fi samu a bakin bututun da ke daɓen ɗaki. Murafu masu yawan ado, masu ƙananan huji, suna tare iska ko da a buɗe suke.