Ina Miliyoyin Itatuwan Da Ake Dasawa Duk Damina?

Da damina ta kankama sai a kafa rumfuna, a kira 'yan jarida, babban jami'i ya tsuguna ya sa ɗan dashe a rami ya zuba masa ruwa, sannan a karanto adadi: jihar nan za ta dasa miliyan kaza domin yaƙi da sauyin yanayi. Bana ma haka aka yi, kuma abin ya isa. A watan Satumba na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin itatuwa miliyan 25 a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun daga nan kuma jihohi ke gasar faɗin adadi. Guda nawa ne suke kaiwa watan Mayu da rai? Wannan lissafin ne ba a tara 'yan jarida a kansa.

Matsalar da ake cewa ana yaƙa da ita ta fi ƙarfin wasa. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan dawo yankin Sahel, amma ya dawo da wani hali daban. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku gero na tsakiyar girma. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, a watan kuma tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Masu cewa sauyin yanayi ƙirƙirar Turawa ce su je su faɗa wa wanda ya sake shuka sau uku a damina ɗaya.

Kuskuren ya faro ne daga yadda aka zana matsalar. Shekara da shekaru ana maimaita mana cewa hamada na gangarowa kudu mita 600 duk shekara, sai ka ce rundunar yaƙi ce da za a gina mata ganuwa. A kan wannan tunanin Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin koriyar katanga, wato zirin itatuwa, a 2007, tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11 na Arewa. Wani rahoto na 2020 ya ce kashi 4 cikin ɗari kawai aka cimma na hekta miliyan 100 da aka yi niyyar farfaɗowa. Duk manomin da ya san gonarsa zai gaya maka daga ciki ƙasa ke mutuwa. An sare itatuwan gona, an kwashe kara don girki da dabbobi, iskar farkon damina ta kwashe ƙasar sama ta binne shuka, ruwa mai ƙarfi ya zo ya samu fili tsirara ya wanke abin da ya rage, sai wuri ya zama faƙo. Katanga a Yobe ba ta hana wannan faruwa a gonar da ke Bichi.

Ɗan dashen leda kuwa, tun kafin ya bar gandun reno an riga an cuce shi. Ya kamata ya shiga ƙasa a watan Yuli, da ruwa ya zauna, domin ya samu wata biyu zuwa uku yana kafa saiwa. Amma kuɗi ba sa fitowa da wuri, ranar biki kuma sai yadda jadawalin babban baƙo ya ba da dama, sai a dasa a ƙarshen Agusta ko Satumba. A lokacin ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, ba za ta ƙara nutsawa ƙasa yadda ya kamata ba. An jijjiga shi a bayan mota, an sa shi a ramin da bai kai zurfin hannu ba. Daga Oktoba ruwa ya ɗauke sai bayan wata bakwai ko takwas. Mu ɗauka kowane dashe na buƙatar lita 5 sau biyu a mako, na tsawon mako 30. Lita 300 ke nan, jarka 12 mai lita 25. Dashe miliyan ɗaya zai sha lita miliyan 300, wato sawu 30,000 na tankar ruwa mai lita 10,000, a ƙauyukan da mata ke bin layi a rijiya tun asuba. Wane kasafi ne ya tanadi wannan? Bayan girbi a saki awaki, gara ta shiga daga ƙasa, wutar daji ta ƙarasa. Shi ya sa masana gandun daji a Sahel suka sha faɗin cewa a wurare da yawa takwas cikin goma mutuwa suke yi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne amsar tana nan ƙetaren iyaka a Nijar, tafiyar 'yan sa'o'i daga Katsina, a hannun Hausawa 'yan'uwanmu. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashe a Maraɗi yana kallon itatuwansa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa a gonaki duk bazara tofon kututturan manyan itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda laima take. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta yadda ta dace da su, suka sa mata suna sassaben zamani. Da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sai suka samu kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da aka ƙiyasta tan 500,000 a shekara. Ba gandun reno, ba leda, ba tankar ruwa, kuɗin da aka kashe bai kai dala 20 a hekta ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. Lokacin sharar gona manomi ya zaga ya duba kututturan da suka tofo, ya zaɓi waɗanda yake so gwargwadon amfaninsu: gawo don ƙarfin ƙasa, kalgo da sabara don itacen girki da tare iska, magarya da aduwa don 'ya'ya, bagaruwa don jima. A kowane kututture ya bar tofo uku zuwa biyar mafi tsawo da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ya wuce nan. Adda ko gatarin ya zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya gangaro yakan ɗaye ɓawo ya buɗe wa ƙwari da ruɓa hanya. Ya ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida ya dawo ya cire sabon tofon da ya fito. Duk shekara yana iya sare guda ɗaya ya kai gida, har a bar ɗaya tal ta zama bishiya. Mai farawa ya tsaya a kututture 20 zuwa 40 a hekta, ya ga yadda gero zai yi, sannan ya ƙara. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, tofon kan wuce bakin akuya tun ɗan dashen leda bai gama kafuwa ba.

Akwai inda ake kuskure. Wanda ya aske rassa har ƙoli zai samu sanda siririya da iska ko saniya za ta karya. Wanda ya bar itatuwa masu inuwa da yawa kusa da juna zai rage wa kansa amfanin gona, ya kuma tara wa gero tsuntsaye. Ƙona gona bayan girbi na kashe aikin shekara biyu cikin sa'a ɗaya. Babbar ɓarna kuwa ita ce ta katafila da garmar tarakta da ake tumɓuke kututture da su da sunan noman zamani, domin idan saiwa ta fita ba abin da zai sake tofowa.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki a gindinsa. Da rani, lokacin da komai ya bushe, shi ke kore, 'ya'yansa na ƙosar da tumaki da shanu, dabbobin da suka sha inuwarsa kuma su bar kashi a gonar. Duk wanda ya ratsa Matamaye da Magarya da Mirya na jihar Damagaram ya ga yadda gero ke tashi a ƙarƙashinsa. Tarihin baka na Damagaram ya ce Sarki Tanimu hukunci mai tsanani ya sa wa mai sare gawo. Manoman karkarar Kano ma sun daɗe suna riƙe ɗorawa da kuka da tsamiya a gonakinsu. Ilimin namu ne, sakaci da doka suka raba mu da shi.

Doka ce ƙashin bayan maganar. A Nijar, tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, itace na hukuma ne ko da a gonarka ya tsiro, malamin daji na iya cin tararka idan ka sare reshe. Manomi ya ga bishiya jidali ce, sai ya riƙa kashe ta tun tana ƙarama. Da aka sassauta, mutane suka tabbata abin da suka rena nasu ne, sai itatuwa suka dawo, har a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi. A Najeriya har yanzu manomi na shakkar taɓa wasu itatuwan gonarsa ba da takarda ba, mai noman aro ko haya kuwa ba zai rena bishiya ba, don mai gona zai zarge shi da neman kafa gado.

Nan ne maganar ta haɗu da tsaro. Ba na cikin masu ɗora wa sauyin yanayi alhakin 'yan bindigar dajin Rugu, wannan hanyar wanke masu laifi da masu sakaci ce. Amma watannin Afrilu da Mayu, da ciyawa ta ƙare, su ne lokacin da makiyayi ke hawa bishiyar manomi ya sassare ta, ko ya kora garke fadama, rigima ta tashi, kuma cikin irin wannan gaba ce ɓata-gari ke samun masu bin su. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, kwamitin kula da itatuwa ya haɗa da mata da makiyaya, aka yi ƙa'idar wanda zai ɗebi 'ya'ya da wanda zai rage reshe da tarar ɓarawon dare. Itacen da ake sayarwa da ganyen kuka kuma su suka riƙe gidaje da dama a yunwar 2005, maimakon samari su watse. Ga kuma gaskiya mai ɗaci: akwai ƙananan hukumomi a Zamfara da Katsina da Sakkwato da jami'in gandun daji ba ya iya shiga da motar dashe, amma manomin da ya samu ya kai gonarsa yana da adda a hannu.

Wasu za su ce ruwa ne ya dawo ya kawo koren Nijar. Hotunan sama sun nuna ɓangaren Nijar ya fi na Najeriya itatuwa a bakin iyaka ɗaya, ƙarƙashin hadari ɗaya. Dashe yana da wurinsa: cikin gari, makarantu, tuddan yashi na Yusufari, da faƙon da ba sauran kututture, inda sai an haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa ko masu siffar rabin wata an tara ruwa kafin komai ya kama. Amma abin da ya sa aka fi son sa a ko'ina kowa ya sani. Leda kwangila ce, wayar shinge kwangila ce, jigila kwangila ce, kututture kuwa ba a sayo shi.

A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin raya ƙasar noma mai suna ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya, kuma rance ne da za a biya. Majalisun jihohi su rubuta a doka cewa bishiyar da manomi ya rena tasa ce. A kwashi manoma daga Daura da Maigatari da Illela a kai su Agye su ga aikin da idonsu, su koya daga bakin takwarorinsu. Duk ɗan kwangilar dashe kuma kada a biya shi cikon kuɗinsa sai an je an ƙirga masu rai a watan Mayu na shekara ta biyu, a gaban mai unguwa, a liƙa adadin a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma.