Jakar ƙwai ce, ba laya ba

Haba jama'a! Tun jiya ake ta yawo da bidiyon ƙaton gizo-gizon nan da aka gani a bayan wadirob ɗin amarya, kuma har yanzu ban ga wanda ya tsaya ya tambayi wane irin gizo ne ba. Kowa ya koma malamin duba. Wannan ya ce turo shi aka yi, wancan ya ce ga laya nan fara a ƙarƙashin cikinsa, wata har da rantsuwa wai aikin uwargida ne. An ɗauki sunan baiwar Allah an jefa a bakin duniya a kan ƙwaro. Wallahi abin ya ɓata min rai.

Farin abin nan jakar ƙwai ce. Mace ce kuka gani, tana rungume da ƙwanta.

Masana suna kiran irin wannan gizon Heteropoda venatoria, kuma yana zaune a gidajen mutane a ƙasashe masu zafi, daga nan har Indiya da Burazil. Ba ya saƙa yana ya zauna jiran ƙuda. Da dare yake fitowa farauta, kyankyasai yake bi. Ku sake kallon bidiyon da idon basira: jikin a baje yake, ruwan ƙasa, ƙafafu takwas sun buɗe gefe da gefe irin na ƙaguwa, shi ya sa yake iya shigewa tsakanin bango da katako inda ko yatsa ba ya shiga. Macen kan saƙa farar jaka mai faɗi, ta zuba ƙwai sama da ɗari a ciki, ta riƙe ta a ƙarƙashinta tana yawo da ita har su ƙyanƙyashe. Ita ce layar taku.

Na san za a ce ai girmansa ya wuce misali. Ina ya wuce? In ya miƙe ƙafafu yakan kai santimita 10, haka Allah ya yi shi. Akwai ɗan'uwansa a kogunan duwatsun ƙasar Lawos ta nahiyar Asiya da aka bayyana a 2001, nasa ƙafafun suna kai wa santimita 30. Shi kuma wace kishiyar ce ta tura shi can? Nau'in gizo-gizon da aka rubuta a duniya ya haura dubu 50, mu kuwa wanda bai yi kama da na saman silin ba sai mu ce jifa ne.

Wai me ya kai shi ɗakin amarya bai je ɗakin uwargida ba? Abinci ya kai shi. Ɗakin da aka cika da kwalaye da buhunan gara da kayan ɗaki manne da bango, ga duhu ga ɗumi, nan kyankyaso ke sheƙe ayarsa, shi kuma ya biyo sawu. Cizo fa? In an matse shi yakan yi, da zafi da ɗan kumburi. A wanke da sabulu, in abin ya ƙi lafawa a je asibiti. Amma gudu ya fi sani, da kun kifa masa roba kun zura kwali ta ƙasa kun kai shi waje, da an wuce wajen.

Ban ce babu sihiri ba, kada a sa min magana a baki. Ki yi azkar ɗinki safe da yamma, 'yar'uwa. Amma Allah ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa sashen zato zunubi ne. Uwargidan nan tana da 'ya'ya, suna riƙe da waya, suna karanta abin da kuke rubutawa a kan mahaifiyarsu. Gobe da wane ido za ta shiga gidan suna a unguwa? Jakar ƙwai ce fa!

Sannan masu cewa a bulbula fiya-fiya a rufe ɗaki, don girman Allah ku bari. Wannan ruwan guba ne mai ƙarfi, irin sinadarin da ke cikin Sniper wanda NAFDAC ta hana sayarwa barkatai a kasuwa tun 2019. Ana zuba shi a kwalbar da ba ta da ko takarda, a ajiye ƙarƙashin gado inda mai rarrafe ke kai hannu, a fesa da magariba a shigar da yara su kwana ƙofa a rufe. Kuma har gobe ana tallansa a baro a bakin tasha.