Kati a hannu, tsohuwa a kwance

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, ba irin wulaƙancin da ban haɗiye ba a bakin tagar asibiti, amma na jiya ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ni da ƙanena muka ciccibo ta daga adaidaita sahu. Likita ya rubuta mata gashin ƙashi, da canjin robar fitsari, da wankin gyambon da kwanciya ta buɗe mata a baya. Na je taga da katin inshorar marasa galihu da muka sha wuya kafin ya fito. Na yi sallama, ma'aikacin ya amsa ciki-ciki, idonsa na kan waya. Na ce, "Malam, don Allah ga takardar mahaifiyata." Ya ɗauki katin da yatsu biyu, ya juya shi, ya turo mini.

"Ba ya ciki."

"Wanne ne ba ya ciki, Malam?"

"Duka."

Na ce to me ke ciki? Ya ce ganin likita, da maganin hawan jini in akwai. Na ce akwai? Ya ce babu, a je kemis. Na ƙara kwantar da murya, na ce tsohuwa ce, ko juyi ba ta iya yi da kanta, ba ta da fansho, ƙosai ta yi ta soyawa har ƙarfinta ya ƙare. Sai a lokacin ya ajiye wayar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya leƙa Inna a kan keke, ya ce, "Baiwar Allah, irin waɗannan ai gida ake kai su a yi ta addu'a. Ba ta da 'ya'ya ne?"

A kan kunnenta ya faɗa! Bakinta ne ya karkace, jinta lafiya lau. Irin waɗannan! Yau kuma shi zai koya mini addu'a, ni da ke tashi tsakar dare in juya ta, in sauya mata kunzugu, in ɗura mata kunu da cokali? 'Ya'yan ai ga su a gabansa, sun sayar da keken ɗinki da awaki, sun ci bashi har kunya ta hana su bi ta ƙofar mai kemis.

Amma shi ɗan aike ne, bakin iyayen gidansa ya ara. A 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau Najeriya ba ta cika ba. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, aka buɗe asusun kula da talaka da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. A 2018 aka sa hannu kan dokar cibiyar kula da tsofaffi. A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar inshorar lafiya, aka ce za ta rufa wa talakawa miliyan 83 asiri, tsofaffi na cikin waɗanda aka ambata ƙarara. Doka kan doka, amma duk an gina su ne kan ciwon da zai warke cikin mako. Wanda zai kwanta shekaru, mai shanyewar jiki, mai ruɗewar tsufa, ba a yi lissafi da shi ba. Ba ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida, ba tallafin sisi ga wadda ta ajiye sana'arta ta zauna jinya, kuma kusan kullum mace ce.

Da ka yi magana sai a ce ai al'adarmu ce mu riƙe iyayenmu. Ƙwarai, kuma ba wanda zai raba mu da su. Amma da wannan maganar gwamnati ke fakewa ta zare hannunta, bayan ta janye tallafin mai a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Su da ciwon gwiwa kaɗai ke kai su Landan da kuɗin jama'a, su fito su gaya mana da me mai albashin naira dubu 70 zai yi jinyar uwarsa.