Saura Mutum Ɗaya

Ranar Asabar ɗin nan ina da ɗaurin auren abokina a Zariya, ƙarfe 11. Tun ƙarfe 7 na isa tasha a Kano, babbar riga ta sha bugu, na kafa hula. Motoci biyu na tarar: ɗaya wayam, ɗaya da kawuna biyar a ciki, kamasho yana ta kwarara ihu, "Zariya, saura mutum ɗaya!" Ƙwaƙwalwata ba ta ko nemi shawarata ba. Ta ƙirga kawuna ta yanke hukunci, sai ganina na yi a kujerar baya, na miƙa naira 4,000.

Ko minti goma ba a yi ba na kusa da ni ya ce bari ya kama ruwa. Na gaba ya fita sayen goro. Can sai na hango mai kama ruwan zaune a motar Kaduna, ya rungume jakar nan tasa da babu komai a ciki. Ashe yaran tasha ne, aikinsu zama. Ni ne mutum ɗayan, kuma ni kaɗai ne.

Ƙarfe 9 motocin bakin titi sai wucewa suke, ana kiran Zariya. Kamasho ya ce, "Alhaji, kuɗi in sun shiga ba sa fita." Na gyara zama. In bar musu dubu huɗuna? Da awa biyun da na riga na kashe?

Na kira ƙanena da ke jami'a don ya taya ni jaje, sai ya buɗe mini aji. "Yaya, ai masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayaninka tun 1979. Zafin asara a wurin mutum ya kusan ninka daɗin ribar da ta kai ta, shi ya sa ka gwammace ka rasa ɗaurin aure da ka rasa kuɗin mota. Kahneman har kyautar Nobel ya samu a 2002." Na ce to ya turo mini dubu huɗu daga cikin Nobel ɗin. Ya kashe waya.

Ƙarfe 1:30 na isa, ana naɗe tabarmi, ƙwallayen dabino kawai a ƙasa.

Da zan dawo na ce yanzu na waye. Na wuce motar da ke cike da kawuna ina murmushi, na shiga wayam ɗin na harɗe. Ina zaune wadda na wuce ta tashi a gabana, da fasinjojinta na gaske, har wata tsohuwa tana ɗaga mini hannu.