W. G. Grace da Gumin da Ke Ƙarƙashin Koriyar Ciyawar Ingila

A shekarar 1850 wani likita mai suna Henry Grace ya koma da iyalinsa wani gida a ƙauyen Downend, kusa da Bristol, kuma bai daɗe ba ya sa aka sare wasu itatuwan tuffa na lambun gidan domin 'ya'yansa su sami filin koyon wasan kurket, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda don cin maki. A wannan lambu ne William Gilbert Grace, wanda aka haifa a 1848, ya fara riƙe sandar wasa, ya kuma girma ya zama ɗan wasan da ya fi kowa suna a zamanin Sarauniya Victoria. Turawan Ingila har yau suna sha'awar hoton irin wannan mutum: mai asali, mai wadatar lokaci, wanda ke buga wasa don sha'awa kawai, idan ya koma gida kuma ya shiga lambu yana duba furanni. Ra'ayina shi ne hoton yana da kyau, amma an yanke mutane da yawa daga cikinsa, kuma rayuwar Grace ce ta fi nuna hakan.

A wancan zamani 'yan kurket kashi biyu ne. Akwai masu asali da ake cewa ba sa karɓar lada, akwai kuma talakawan da wasan ne abincinsu. Tun 1806 ake haɗa ɓangarorin biyu a karawar da ake kira Gentlemen da Players. Ko da a ƙungiya ɗaya suke, ɗakin sauya kayansu daban, ƙofar da suke bi su shiga fili ma daban a manyan filaye irin Lord's na Landan, kuma kyaftin kusan kullum daga masu asali yake fitowa. Jifan ƙwallo na tsawon yini, wanda shi ne aiki mafi gajiyarwa, yawanci a kan talakawan yake faɗawa.

Grace yana cikin masu asali a takarda. Bajintarsa ba abin musu ba ce: ya buga manyan wasanni daga 1865 zuwa 1908, ya ci maki 152 a karawar Ingila da Ostireliya a filin Oval a 1880, inda shi da 'yan'uwansa biyu suka buga tare, sannan a 1895 ya zama mutum na farko da ya ci maki ɗari ko fiye a bugu guda har sau ɗari. Sai dai wannan mai wasa "don sha'awa" ya karɓi fam 1,500 domin rangadin Ostireliya na 1873 zuwa 1874, alhali 'yan wasan sana'a da suka bi shi sun sami wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi kowannensu. A rangadin 1891 kuwa fam 3,000 aka ba shi, kuma gudummawar da jama'a suka tara masa a 1895 ta haura fam 9,000. Shekara guda bayan haka, 'yan wasa biyar suka nemi a ninka ladansu daga fam 10 zuwa 20 kafin karawa da Ostireliya, aka ƙi, uku suka janye buƙatarsu, George Lohmann da William Gunn kuma ba su buga ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Duk da haka ba na ɗora wa Grace laifin gaba ɗaya. Shi ba ɗan masu gonaki ba ne, ɗan likitan ƙauye ne, kuma da ya sami shaidar likitanci a 1879 ya yi shekaru yana duba talakawan Bristol, dole kuma a biya wanda zai riƙe masa marasa lafiya duk lokacin da ya tafi wasa. Jama'a don shi suke cika fili, saboda haka ya cancanci a biya shi. Abin da ke damuna shi ne tsarin da ya mai da karɓar ladan aiki abin kunya ga mai asali, har sai an canza wa kuɗin suna an kira shi kuɗin hidima, yayin da wanda ya fito fili ya ce wasa sana'arsa ce ake nuna masa ƙofar gefe.

Lambun ma haka abin yake. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ake yi wa kirari, a gaban gida ko a filin wasa, ba da kanta take kwanciya ba. Kafin Edwin Budding ya ƙirƙiro injin yanke ciyawa a 1830, a gundumar Gloucestershire da Grace ya buga wa wasa, da lauje ake yanka ta tun da asuba, kuma ko a Lord's an daɗe ana sakin tumaki su rage ta. Manyan gidaje suna da ma'aikatan lambu masu yawa, su ne ke haƙa, su ɗauko taki, su kwana suna hura wutar ɗakunan gilashi na renon tsirrai da hunturu, amma idan fure ya ci gasa sunan maigida ne ke yawo. A gidajen karkara masu filin kurket, su ɗin ne dai ke daddale filin kafin baƙi su iso.

Grace ya ƙare rayuwarsa a Mottingham, kudu maso gabashin Landan, yana kula da lambunsa da hannunsa, wanda ni a wurina ya fi duk kirarin da aka yi masa daraja. A cikin lambun ne shanyewar jiki ta same shi a watan Oktoba na 1915, ya rasu ranar 23 ga watan yana da shekara 67. Sai da aka ƙara shekara 47, wato a 1962, kafin hukumomin kurket na Ingila suka soke bambancin nan tsakanin masu asali da 'yan wasan sana'a, aka riƙa kiran kowa ɗan wasa.