Ƙungiyar rukin baseball ba ta hawa sama, ƴan wasanta ne ke hawa

Mutane da yawa in suka ji ana maganar ƙananan lig na baseball a Amurka sai su ɗauka irin tsarin ƙwallon ƙafa ne, wai ƙungiya in ta ci kofi za ta haura sama har ta kai MLB, wato babban lig ɗin baseball, in ta sha kashi kuma ta gangara. Ina, ba haka abin yake ba sam.

Ɗauki Bluefield Orioles, ƴar ƙungiyar wani ƙaramin gari a jihar West Virginia da a da take buga Appalachian League, wanda a lokacin matakin ruki ne, wato can ƙasa inda sabbin shiga ke farawa. Daga 1958 har 2010 tana ƙarƙashin Baltimore Orioles ta MLB, Baltimore ce ke ɗauko yaran, ita ke biyansu albashi, ita ke turo koci, kuma duk yaron da ya fara haske tsakiyar kaka ma sai a ɗauke shi a kai shi gaba, ƙungiyar kuwa tana nan daram inda take ko kofi nawa ta ci. Kakar ma gajera ce, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta.

Cikin taurarin MLB, Eddie Murray ya bi ta nan a 1973, Cal Ripken Jr. kuma a 1978 yana ɗan shekara 17, duk kakar ko home run ɗaya, wato bugun da ke ba ɗan wasa damar zagaye fili gaba ɗaya ya ci maki, bai buga ba, shi ne fa daga baya ya yi wasa 2,632 a jere.

A 2011 Toronto Blue Jays ta MLB ta karɓi ƙungiyar ta Bluefield, bayan 2020 kuma MLB ta rage ƙananan ƙungiyoyi, Appalachian League ɗin ya koma na ɗaliban jami'a.