Wasu a Kanada na neman mutum miliyan 100, mu ko adadinmu ba mu sani ba

Jama'a akwai wata magana da ake ta yawo da ita kwana biyun nan, wai Turawa sun daina haihuwa, ƙasashensu sun cika da tsofaffi, nan gaba kaɗan su da kansu za su zo suna roƙonmu mu je mu cike musu gurbi, saboda haka yawan nan namu jari ne, mu dai mu ci gaba da gashi. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma daɗin baki ne kawai muke yi wa kanmu, kuma shi ne ya sa na kasa yin shiru.

Ɓangaren gaskiyar ba ya buƙatar dogon zance. Kafin yawan al'umma ya tsaya inda yake sai kowace mace ta haifi ƴaƴa biyu da ɗan ɗoriya idan aka raba daidai, to Koriya ta Kudu a 2023 lissafinsu bai ma kai ɗa ɗaya ba, 0.72 ne. Jafan ta fi shekara goma yawanta na raguwa. Ƙasar Sin da ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ta soke ta a 2015, ta dawo tana cewa a haifi uku a 2021, mutane suka yi kunnen uwar shegu da ita, a 2022 yawansu ya fara yin ƙasa. Wannan duk haka yake, babu musu.

Amma ku dubi Kanada da kyau, don ita ce ƙasar da matasanmu suka fi kira idan ana zancen japa, wato tserewa waje neman rayuwa. Akwai wata ƙungiya a can ta manyan ƴan kasuwa da masana, sunanta Century Initiative, burinta shi ne Kanada ta kai mutum miliyan 100 kafin shekarar 2100. Ƙasar da sai a 2023 ta cika miliyan 40 fa. Hujjarsu kuma ba ta banza ba ce, ga ƙasa makekiya, ga tsofaffi na ƙaruwa, waye zai yi aiki ya biya haraji a kula da su? Gwamnatin Trudeau ba ta taɓa cewa ta ɗauki wannan adadin a hukumance ba, amma ta buɗe ƙofa sosai, ta sa burin karɓar mutum 500,000 a shekara masu zaman dindindin, ban da ɗalibai da ma'aikatan wucin gadi, a 2023 kaɗai ƙasar ta ƙaru da sama da mutum miliyan ɗaya kuma kusan dukansu baƙi ne.

Sai me ya biyo baya? Mutane sun zo, gidaje ba su ƙaru da irin wannan saurin ba. Kuɗin haya ya tashi a Toronto da Bankuba, ɗalibai na cunkushewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ɗan ƙasa na neman likita ba ya samu da wuri, ran jama'a ya ɓaci. A Janairun 2024 aka ƙayyade yawan bizar karatu, a Oktoban shekarar kuma gwamnatin ta rage wancan 500,000 ɗin zuwa 395,000 na 2025, da niyyar ƙara ragewa a shekarun gaba. To abin da nake so ku lura da shi, waɗanda suka zauna a ofis suka rubuta adadin mutane ba su rubuta adadin ɗakuna a gefensa ba, ba wanda ya ce su tattara kayansu. Yaron da iyayensa suka sayar da fili a Indiya ko a Najeriya suka biya masa kuɗin makaranta ninkin na ɗan ƙasa, shi ake harara a cikin bas, shi ne wai ya jawo tsadar haya.

Ingila ma haka ta yi mana. Da suna neman kuɗin ɗalibai da masu kula da tsofaffi sun bari kowa ya zo da iyalinsa, ƴan Najeriya suka yi ta tafiya da mata da yara, daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan ɗalibai zuwa da iyali, bayan wata biyu aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma. Ƙofar da kake ganin a buɗe take, makullin na hannun mai gida, kuma zaɓe ɗaya ya isa ya rufe ta.

Sannan wa suke ɗauka ne ma? Nan ne daɗin bakin namu yake rushewa. Ba yawa suke nema ba, tsince suke yi. Likita, nas, injiniya, mai aikin kwamfuta, matashi mai lafiya wanda wata ƙasar ta riga ta kashe kuɗi ta raine shi ta koyar da shi. Likitan da ya yi shekara da shekaru ana horar da shi a asibitin koyarwa na Shika da kuɗin talakan Najeriya, yana gamawa ya ci jarrabawarsu ya tafi, kuma ni ban ga laifinsa ba wallahi, kowa ya san albashin da yanayin aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 suna cikin matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, a daina zuwa ana kwashe musu, ba a fasa ba. Har wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin a riƙe wa likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, wato maimakon a gyara asibiti sai a ɗaure likita. Amma yaron da ke bin motoci da rake ko fiya wata a gadar Kawo, wanda bai iya rubuta sunansa ba, babu wata Kanada da za ta aiko a ɗauke shi. Hanyar da ta rage masa ita ce Agadas zuwa Libiya, ko takari a Saudiyya ana wasan ɓuya da askar har ranar da za a loda shi a jirgi a dawo da shi Kano.

Mu dawo gida. Su can suna faɗa a kan adadin da suke so su kai, mu nan adadin da muke a yau ma kintace ne. Ƙidaya ta ƙarshe 2006 aka yi ta, aka ce miliyan 140, jihar Kaduna miliyan shida da ƴan kai. Ta 1973 soke ta aka yi gaba ɗaya saboda rigima, ta 2023 kuma ana saura kwanaki a fara Buhari ya ɗage, tun daga nan sai alkawari. Duk wanda ka ji ya ce mun haura miliyan 220, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙidaya yake maimaitawa, ba wai an bi gida gida ba ne, kuma su ɗin ne ke hasashen za mu wuce miliyan 350 kafin 2050. Dalilin da ƙidaya ke gagarar mu kowa ya sani, da ita ake raba kujerun majalisa kuma tana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya, shi ya sa kowane yanki yake son ya fito da yawa a takarda. Muna son yawa ranar rabo, ranar gina aji kuma kowa ya kau da kai.

Kuma kar a ce ba mu taɓa sa buri ba. A 1988 zamanin Babangida an fito da manufar yawan jama'a ta ƙasa, aka ce ƴaƴa huɗu ga kowace mace, an sake ta a 2004, Buhari ya ƙaddamar da sabuwa a 2022. Tambayi kowa a Tudun Wada ko ya taɓa jin labarinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwar 6.6 idan aka raba daidai, ta Legas 3.4, kuma ba wata doka aka kafa wa Legas ba, ƴaƴansu mata ne ke daɗewa a makaranta, yaran da aka haifa kuma sun fi rayuwa. Ni ba zan shiga ɗakin kowa in ƙirga masa ƴaƴa ba, na yarda kowane ɗa da arzikinsa yake zuwa, amma addinin da ya ce haka shi ne dai ya ɗora wa uba ci da sha da tufafi da tarbiyya, ya kuma ce shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda yake kiwo, ba daidai ba ne mu riƙe rabin karatun mu bar rabi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan Kaduna ya zauna yana zagin baƙi. Garin nan fa baƙi ne suka cika shi. Turawan mulki suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, layin dogo ya kawo mutane, barikin soja ya kawo, masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta kawo dubbai, sai kamfanin haɗa Fijo, sai matatar mai a 1980. Sunan Tudun Nupawa kaɗai ya isa shaida. Tambayi dattijon unguwarku inda aka haifi babansa, za ka ji Katsina, Bida, Borno, Ilori, Damagaram. Lokacin ba a cika kukan baƙi sun yi yawa ba saboda akwai aikin da ke jiran su, jiniyar masaƙa na kaɗawa ana canjin ma'aikata dare da rana. Yau masaƙun sun zama kango, amma shigowar mutane ba ta tsaya ba, sai ma ƙaruwa, kuma na yanzu ba neman aiki ne ya taso yawancinsu ba, gudun ɓarayin daji ne, daga Birnin Gwari, daga Giwa, daga ƙauyukan Igabi da Chikun, daga Zamfara da Katsina.

Shiga cikin Rigasa ko hayin da ke bayanta da sassafe ka gani da idonka. Gidan haya mai ɗaki goma sha, banɗaki ɗaya, buta a jere a bakin ƙofa kowa na jiran layi, ɗaki ɗaya miji da mata da yara, ga kuma ƙanwar matar da aka kashe wa miji a ƙauye ta zo da nata, an raba ɗakin da labule. Famfon gwamnati in ma akwai bututun to ya manta da ruwa, sai ɗan ga-ruwa ya turo kura da jarkoki daga borehol ɗin wani mai hali, kuma kuɗin jarka na tashi duk ranar da ba wuta. Makarantar firamare yara a ƙasa har bakin allo, malama ɗaya da bulala tana ta ihu muryarta ta dishe tun kafin tara. Unguwa ta riga ta cika kafin a zo a yanka titi, shi ya sa lungu ko Keke Napep ba ya shiga, mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin hanya, damina ta zo kwata ta rasa hanyar bi ta shiga ɗakunan mutane. Wannan ita ce ƙaura mai yawa da ta shafe mu, ba ta Toronto ba, kuma ba wanda ya tsara ta, ba wanda ya ƙirga ta.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, ai ƴan Nijar ne suka cika gari, ai iyaka a buɗe take. Eh, iyakar da ba a san wa ya shigo ba matsala ce, makamai ma ta nan suke bi, kuma ƙasa na da haƙƙin ta san baƙonta ta yi masa rajista, ban musa ba. Amma mai shayin bakin layinku da mai gadin gidan alhaji da mai haƙa rijiya ba su suka hana a gina aji ba. Kuma mun taɓa gwada korar ai. A 1969 Ghana ta kori baƙi, ƴan Najeriya da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, ciki har da Hausawan zango. A 1983 da kuɗin mai ya faɗi Shagari ya rama, aka kori mutum wajen miliyan biyu, kusan rabinsu ƴan Ghana, har jaka ta samu suna Ghana Must Go. Tattalin arzikin ya gyaru? A ƙarshen shekarar ma sojoji suka kifar da gwamnatin. A 2017 a garin nan wasu matasa suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa, mu kuma duk lokacin da aka tare tirela cike da yaranmu ƴan cirani a Kudu aka juyo da su sai ranmu ya ɓaci mu ce ai ƙasarsu ce. To ƙasar kowa ce kenan.

Ni dai ga abin da nake so in ji daga bakin duk mai neman ƙuri'ata, daga kansila har gwamna. Kar ya ce min yawanmu albarka ne, na sani, kar kuma ya ce min mun yi yawa. Ya faɗa min yara nawa ne za su isa shiga aji ɗaya a Igabi shekara biyar masu zuwa, aji nawa zai gina musu, malamai nawa zai ɗauka kuma da wane kuɗi. Ya faɗa min inda za a yanka filaye da titi da kwata a kai ruwa KAFIN mutane su tare, ba a bari sai sun yi gini da guminsu a zo da katafila ana shafa jan fenti ba. Waɗanda suka gudo daga ƙauye kuma a rubuta sunayensu a san su nawa ne, wa zai koma in an samu lafiya, wa ya riga ya zama ɗan gari, don yawancinsu ko an ce daji ya yi lafiya gobe ba za su koma ba, ƴaƴansu sun riga sun saba da nan.